Neman Tsohuwar Fitila

Ran nan muka shiga Kasuwar Kurmi ta Kano neman fitilar ƙwai irin wadda marigayi mahaifinmu ya koya mana karatu a gindinta. Tasa ta ɓace sa'ad da muka tashi daga tsohon gida, abin kuwa ya daɗe yana cin ranmu.

To, ku 'yan makaranta, ku sani ba a sayen tsohuwar fitila don kyaun gani kaɗai. Da fari idonmu ya faɗa kan wata Petromax, irin wadda Max Graetz ya ƙago a Jamus cikin 1910. Haskenta ya fi na fitilar ƙwai nesa ba kusa ba, gama iska ake buga mata, kananzir ya zama tururi, ya ƙone cikin wata 'yar raga. Amma fa ragar nan, in ta taɓa cin wuta, ko yatsa aka sa mata sai ta zube kamar toka. Muka haƙura.

Sa'an nan muka ɗauki wata Feuerhand, ita ma ƙirar Jamus. Muka sa mai kaya ya zuba mata kananzir, muka aza ta bisa takarda, domin in tsatsa ta huda gindin, ɗigo zai tona asiri. Ba ta yoyo. Muka murɗa lagwani, ya hau ya sauka. Ƙwan ne kurum ya tsage, wannan kuwa ana sakewa.

Da dare muka kunna ta, ƙofa a buɗe saboda hayaƙi. Mahaifiyarmu ta daɗe tana dubanta, kana ta ce ta Malam ta fi wannan girma.