Agadas Ranar Biyanu: Garin Da Ganga Ba Ta Kwana

Wanda ya taso daga Damagaram zuwa Agadas, sai ya bi ta Tanut da Adarbisanat. Bayan Tanut gonakin hatsi suna ƙarewa. Sai daji, sai rijiyoyi, sai garken raƙuma. Abu na farko da matafiyi yake hangowa shi ne hasumiyar babban masallaci. Tsawonta mita 27, kuma duk da laka aka gina ta, an kafa mata itatuwa a jiki. An gina masallacin wajen shekarar 1515, aka sake gyara shi a 1844.

Amma mai son ya san garin sosai, to ya zo lokacin Biyanu. Biki ne na kiɗa da rawa. Ana soma shi kwanaki kaɗan bayan babbar salla, a yi ta yi har watan cika-ciki ya kwana goma. Wajen mako uku ke nan. Wasu dattawa sun ce murna ce ta ranar da mutanen Madina suka tarbi Annabi. Wasu sun ce ta ranar da jirgin Annabi Nuhu ya sauka ce. Samari dai ba su tsayawa gardama, ganga suke bi.

Garin yana rabuwa biyu: ƴan gabas da ƴan yamma. Kowane gefe da shugabansa, ana ce masa tambari, kamar sunan babbar gangar da ake bugawa. Akwai kuma ƙananan ganguna, sunansu akanzam. Da dare ya yi sai su fito, su bi lungu-lungu, yara da mata na biye da su. A da, in ƙungiyoyin nan biyu sun haɗu a hanya, sanduna ne ke magana. Yanzu gasar ta koma ta ado da iya rawa. Haka ya fi, don ba wanda zai fasa kan ɗan'uwansa saboda biki.

Ranar tara ga wata ita ce marecen ado. Maza su sha manyan riguna da rawunan baba masu ƙyalli, su rataya takobi. Mata su fito da azurfarsu. Daga nan masu kiɗa su nufi Alarsas, wajen lambuna, arewa da gari kaɗan. Can suke kwana. Da safe su komo da ganyen dabino a hannu, suna kaɗawa, ƙura ta tashi, gari duka ya fito tarbarsu. Sai a wuce fadar Sarkin Abzin a yi gaisuwa.

Makiyayin da ya shigo daga daji ba zai ji baƙunta ba, don kiɗan Abzin daga rugga ya fito. Tende turmi ne kawai, irin na daka, a rufe bakinsa da fatar akuya. Mata su zauna suna bugawa suna tafi, maza su kewaye su bisa raƙuma, raƙuman na taka sawu daidai da kiɗa. Akwai kuma imzad, ɗan'uwan goge: ƙwarya, fata, da tsirkiya ɗaya ta gashin doki. Mata kaɗai ke kaɗa shi, maza su yi shiru su saurara. A 2013 hukumar UNESCO ta sa imzad cikin kayan gadon duniya, shekarar da ta sa tsohon garin Agadas ma. Sai dai masu iya shi sun yi kaɗan, yawancinsu tsofaffi ne. Tsohuwar da ta rasu ba ta koya wa jikarta ba, ta tafi da waƙoƙinta.

Abin da samari suka runguma shi ne gita, molon Turawa mai tsirkiya shida. Sun ɗora masa takun tende, ya zama nasu. Ba su same shi da sauƙi ba. Lokacin tawayen 2007 an hana Abzinawa kaɗa shi, don ana ganin waƙoƙinsa na zuga mutane. Wani makaɗi, Bombino, ya gudu Burkina Faso. Da wuta ta mutu ya komo gida. A watan Janairu na 2010, da izinin Sarki, ya yi wasa a gindin hasumiyar nan, jama'a suka cika filin suna rawa. Daga baya ya kai kiɗan Agadas har Amurka da Faransa. Ƴan ƙungiyar Etran de l'Aïr, wato taurarin Abzin, su ma sun bi sawu. Tun 1995 suke kiɗa a gidajen buki cikin unguwannin garin, kafin Turai ta san da su.

Mai niyyar zuwa Biyanu ya lissafa daga babbar salla, don kowace shekara bikin yana matsowa da kwana goma sha ɗaya. Ya tambayi labarin hanya a tasha kafin ya tashi, ya kuma riƙe ruwa isasshe.