Dabaibayin da marubuci ke ɗaura wa kansa

A tarurrukan ƙungiyoyinmu na al'adu, daga Tawa zuwa Damagaram, akwai maganar da ba ta tsufa: wai ƙaga labari baiwa ce, wanda Allah ya ba shi ya ba shi, wanda bai samu ba ya yi haƙuri. Ban musa baiwa ba. Amma shekarun da na yi ina koyar da Faransanci da Hausa sun nuna mini cewa littattafan da muke karantar da ɗalibai, masu su sun sha wuya kafin su fito da su, kuma da gangan suka ɗora wa kansu wannan wuya. Marubucin da ke son hannunsa ya faɗa ba ya amincewa da abin da ya zo masa a sauƙaƙe.

Mu fara da kunne. Gustave Flaubert ya shafe kusan shekara 5, daga 1851 zuwa 1856, yana rubuta Madame Bovary a gidansa na Croisset, kusa da birnin Rouen a Faransa. In ya gama shafi, yakan karanta shi da babbar murya. Duk jimlar da ta sarƙe masa numfashi, ko wadda sauti ɗaya ya maimaitu cikinta babu dalili, soke ta yake yi ya sake ginawa. Mu masu rubutun Hausa mun fi shi bukatar wannan horo, domin boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. A takarda, garin da ake zama cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi kama ɗaya gare su. "Ta tafi" na iya zama labarin abin da ya wuce, yana iya zama umarni. Mai rubutu ya san abin da yake nufi, shi ya sa ba ya ganin ramin. Maganin shi ne ya miƙa wa wani takardar ya karanta masa a bayyane, shi kuwa ya yi alama duk inda mai karatun ya yi tuntuɓe.

Bayan kunne, ido. Guy de Maupassant ya bayyana a gabatarwar Pierre et Jean, wanda ya fito a 1888, cewa shekara 7 ya yi yana kai wa Flaubert rubuce-rubucensa ana gyara masa. Babban darasin da ya ɗauka shi ne mutum ya daɗe yana kallon abu har ya gano abin da ya raba shi da sauran irinsa. Cikin rubuce-rubucen matasa da ke zuwa hannuna, kowace budurwa fara ce mai dara-daran idanu, kowane alhaji yana da tumbi da mota. Waɗannan mutane daga wasu littattafai aka aro su, ba a taɓa ganin su a titi ba. Saboda haka nakan tura ɗalibaina kasuwa, kowa ya siffanta mai shayi ɗaya ko mai sayar da goro ɗaya, ba tare da ambaton suna ba, ta yadda abokan ajinsa za su gane shi in sun je. Wanda ya ci wannan jarrabawa ya fara zama marubuci.

Akwai kuma waɗanda suka ɗaura wa kansu dabaibayi a fili. A 1947 Raymond Queneau ya ɗauki wani ɗan labari maras muhimmanci, gardamar fasinjoji cikin motar haya, ya ba da shi ta hanyoyi 99 a littafinsa Exercices de style. A 1969 Georges Perec ya fitar da La Disparition, labari mai shafi wajen 300 wanda babu harafin "e" a cikinsa, alhali shi ne harafin da ya fi yawa a Faransanci. Wani zai ce wasa ne. Na gwada makamancinsa a aji: shafi 2 na labari da Hausa, amma an hana kalmar "sai". Da farko ihu ɗalibai suke yi. Daga baya sukan gane cewa "sai" ce ke ɓoye musu raunin labarinsu, domin tana jera abubuwa ɗaya bayan ɗaya ko da babu abin da ya haɗa su. In an ɗauke ta, tilas a nemo "domin", da "ko da yake", da "tun da", wato tilas a san dalilin da ya sa abu ya faru. Haka nan tatsuniyar Gizo takan zama sabuwa fil in aka ce Ƙoƙi ce za ta ba da ita da bakinta.

Mu da muke rayuwa tsakanin harsuna biyu muna da wani ma'auni da waɗancan ba su da shi. Amadu Kuruma na Kodibuwa ya lanƙwasa Faransanci ya bi tafiyar harshen Malinke a Les Soleils des indépendances. Masu buga littattafai a Faransa sun ƙi karɓar sa, har ya fara fitowa a Kanada a 1968. Bubakar Boris Diop na Senegal, bayan ya yi suna da Faransanci, ya koma ya rubuta Doomi Golo da Wolof a 2003, sannan ya sake rubuta shi da Faransanci da kansa a 2009. Tun kafin su, Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai, ya sarrafa su a Magana Jari Ce har mai karatu ya ɗauka a ƙasar Hausa aka haife su. Darasin da na ɗauka daga gare su mai sauƙi ne: ka fassara shafinka na Hausa zuwa Faransanci. Jimlar da ta tsallaka kalma bayan kalma ba tare da gardama ba, sau da yawa da Faransanci ka yi tunanin ta, Hausa kawai ka sa mata riga. Ita ce za ka koma wa.

Abin da ya sa wannan magana ta dame ni shi ne halin da muke ciki. Gidajen buga littattafai kaɗan ne a Nijar, kuma marubuta da yawa da kuɗin aljihunsu suke kai rubutu maɗaba'a. Babu mai tace rubutun da zai ce musu babi na 3 bai nuna ba, a mai da shi wuta. Littafi ya fito, a yi bikin ƙaddamarwa, a tafa, gyaran da ba a yi ba kuma ya zauna har abada.

Na san dabaibayi ba domin a dawwama cikinsa ake ɗaura shi ba. Wanda ya wuce kima wajen gyara yana iya kashe ran labarinsa. Duk da haka, ban ga wannan haɗari kusa da mu ba tukuna. Shawarata ga ƙungiyoyinmu ita ce, kafin kowane bikin ƙaddamarwa a yi zama uku na karatu a bayyane, marubucin yana zaune da alƙalami a hannu, ba shi da izinin kare kansa har a kai ƙarshen babi.