Me Aka Sa a Ciki?

A ƙasarmu akwai tambayar da ba a yi wa wanda ya ajiye maka kwano. Kana iya tambayarsa lafiyar iyali, ka tambayi damina, ka tambayi kuɗin buhun gero a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, amma ba ka buɗe baki ka ce, "Me aka sa a ciki?" Duk wanda ya yi wannan tambaya, kunnen mutane maganar sammu yake ji. Ka zargi mai gida ke nan, ko ka zargi matarsa, kuma irin wannan magana takan shekara ba ta warke ba.

Mu kuwa wannan tambaya ita ce ke tsakaninmu da gadon asibiti. Mu uku ne 'yan ɗaki ɗaya, dukanmu mun gaji fuka daga mahaifinmu. Babbarmu tana aure a Shinkafi, autanmu yana koyarwa a Zurmi, na tsakiya yana Kaura Namoda yana rubuta manhajar kwamfuta, shi aka ɗora wa yin wannan rubutu da yawun sauran.

Mai fuka yakan san abokan gabansa tun yana yaro: ƙurar hunturu, hayaƙin itace, sanyin asuba, ƙaiƙayin sussuka. Waɗannan mun saba da su. Abin da ya daɗe yana ɗaure mana kai shi ne wani tashin ciwo da ba ya bin wannan lissafi. Ana tsakiyar bazara, babu ƙura babu sanyi, muna zaune lafiya a gidan biki ko wajen buɗa-baki, sai cikin minti biyar ko goma da shan wani abu ƙirji ya ɗaure, numfashi ya soma fito, fuska ta ɗau zafi. Babbarmu har borin jini yakan fito mata a wuya da hannaye.

A aikin manhaja, idan abu yana tsayawa yau gobe ya yi aiki, ba a yi masa canke. Ana ajiye tarihin duk abin da ya faru kafin ya tsaya, sannan a nemi abin da ke maimaita kansa. Haka muka yi da cikinmu. Muka buɗe zaure na mu uku a WhatsApp, kowa yana rubuta abin da ya ci, da lokacin, da yadda ƙirji ya kwana. Bayan wasu watanni jerin ya soma magana. Tuwon dawa, fura da nono, kunun tsamiya na gida, ƙosai, dabino, ba su taɓa fitowa a ranar ciwo ba. Waɗanda suka yi ta fitowa su ne ruwan inabi marar barasa da ake buɗewa a liyafar aure, ruwan lemon tsami na kwalba, lemon da ake tsinkawa da ruwa, zabibi mai launin zinariya, da busasshen ɗan itacen nan ruwan goro da Larabawa ke kira mishmish, wanda alhazai kan zo da shi tsaraba. Da muka kai wa wani likitan ƙirji wannan jeri a Gusau, bai gama karantawa ba ya faɗi sunan abin: salfayit.

Salfayit dangin sinadarai ne da ake samu daga farar wuta. Masu sarrafa abinci suna zuba shi don ya hana ruɓa, ya kuma hana launi dushewa. Shi ya sa mishmish ɗin da aka sa wa shi yake sheƙi kamar yau aka tsinko, wanda ba a sa wa ba kuwa yakan koma ruwan ƙasa. Haka zabibi: mai haske ne aka fi turarawa da shi, baƙin galibi rana ce kawai ta busar da shi. Yawancin mutane suna ci ba abin da ke samunsu, domin jiki yana da sinadarin da ke sauya shi, musamman a hanta, ya fita ta fitsari. Matsalar tana ga wasu masu fuka, waɗanda masana suka ƙiyasta sun kai kashi 3 zuwa 10 cikin 100 na masu ciwon. Idan salfayit ya haɗu da abu mai tsami yakan saki iska irin wadda ke sarƙe mutum idan an ƙyasta ashana kusa da hancinsa. Mutum yana haɗiya yana shaƙar wannan iska, hanyoyin numfashi su tsuke. Wannan ne dalilin da ya sa abin sha ya fi biskit kayar da mu, ko da yake biskit da yawa suna ɗauke da shi.

Duniya ta san da wannan tuntuni. A Amurka an hana zuba shi a ɗanyen ganye da ɗanyun 'ya'yan itace a 1986, bayan rahotannin mutuwar mutane da suka ci a gidajen abinci. A can, da Tarayyar Turai, doka ta wajabta a rubuta shi a jikin kaya idan ya kai miligiram 10 a kowane kilo ko lita. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ya sa iyakar abin da mai lafiya zai riƙa ci kullum a miligiram 0.7 ga kowane kilo na nauyin jikinsa, wato miligiram 42 ga mai kilo 60. A Turai an yarda busasshen mishmish ya ɗauki har miligiram 2,000 a kilo. Idan ya kai wannan iyaka, giram 21 kacal, abin da bai wuce ƙwaya uku ba, ya cika kason yini na mai lafiya. Mai ƙirji irin namu ba ya bukatar ko kusa da haka.

Muna kuwa koyon karanta jikin kwali, sai rayuwa ta yi sauƙi da rabi. Shinkafi da Zurmi duk suna kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar, saboda haka kayan da ke shigowa kantunanmu wasu da Turanci suke, wasu da Faransanci, tsarabar Makka kuma da Larabci. Abin da ya cece mu shi ne lambobi, domin lamba ba ta sauya harshe: daga E220 zuwa E228 duk dangin salfayit ne, E223 ita muka fi cin karo da ita. Inda ba a sa lamba ba, muna neman kalmar sulphite ko sulfite a cikin jerin kayan haɗi. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana bukatar a jera abin da ke cikin abincin da aka ƙunshe don sayarwa, kuma mu shaida ne cewa wannan ƙaramin rubutu yana da rana.

Sauran rabin shi ne wanda ba shi da kwali. Zabibin da aka farke buhunsa aka ƙulla a leda naira ɗari-ɗari ya rabu da takardarsa tun a hannun dillali. Zoɓo kansa ba ruwansa da salfayit, amma zoɓon biki da aka ƙara wa ruwan abarba na kwalba aka ɗura a gorar da ba rubutu, wa zai gaya mana abin da ke ciki? Mai yin sa ma ba ta sani ba. Ta sayi abin ƙamshi da zuciya ɗaya, ta zuba, ta jefar da kwalbar. A nan ne dole mu yi tambayar da ba a yi.

A wani suna a Zurmi, autanmu ya karɓi kofi daga hannun gwaggonmu, ya riƙe bai sha ba, ya tambaya a hankali ko an sa wani abin kwalba. Sai ta ajiye tiren. "Wanga yaro, mi kake nuhi? Ni da na goya ubanka, ni zan sa ma wani abu?" Tsakar gida ta yi tsit. Mahaifiyarmu ce ta raba gardamar da magana ɗaya: "Yaya, ƙirjinsa ne ba ya son kayan kwalba, kamar yadda Malam ba ya shan suga." Nan take fuskar Gwaggo ta saki, ta aika aka damo masa fura. Tun daga ranar muka ari wannan magana. Shekarun baya, wanda ya ƙi shayi mai suga a gidan mutane shi ma kallon mai girman kai ake yi masa. Yau ko a ƙauye ka ce ciwon suga ko hawan jini, an fahimta, har a tambaye ka ko a rage gishiri. Abin da mutane suka koya a kan suga za su iya koyon sa a kan wannan.

Wani zai ce kofi ɗaya ai ba ya kisa, a sha don zumunci. Wannan lissafin mazaunin kusa da asibiti ne. Daga Kaura zuwa Gusau, inda Cibiyar Lafiya ta Tarayya take, kusan kilomita 60 ne. Daga Shinkafi ya haura 100, kuma kowa a yankin nan ya san hanyar Kaura zuwa Shinkafi ko zuwa Zurmi ba a hawanta da dare saboda 'yan bindiga. A watan Satumba na 2021 da aka datse layukan waya a Zamfara, mun yi makonni ba mu ji muryar juna ba, zauren namu ya mutu, kowa ya zauna da abin shaƙarsa a ƙarƙashin filo. Abin shaƙar ma tun daga 2023 kuɗinsa ya ninka sau da yawa. Ciwon da ya tashi bayan isha'i a Shinkafi sai dai ya jira asuba. Don haka abin da muke iya kaucewa da baki, ba ma barin sa ya kai ga ƙirji.

Akwai ruɗani guda da muke roƙon a kiyaye, domin yana iya cutar da yara. Salfayit na abinci daban, magungunan da ake kira salfa, irin su Septrin da Fansidar, daban. Sunan ne ya yi kama. Wanda salfayit ke tayar wa fuka ba lallai ne waɗannan magunguna su dame shi ba. Kada uwa ta ji labarinmu ta hana ɗanta maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 a damina, ko mai ciki ta ƙi nata a wajen awo. Abin da ya dace shi ne a gaya wa ma'aikacin lafiya tarihin mutum, shi ya yanke. Mu ma muna faɗa kafin a yi mana allura, har a wajen likitan haƙori, domin wasu allurai suna ɗauke da salfayit. Kuma wanda yake zargin yana da irin namu, kada ya gwada kansa a gida ya ga ko ciwon zai tashi. Irin wannan gwaji a gaban likita ake yin sa. Aikinsa shi ne ya rubuta abin da ya ci, da lokaci, ya kai.

Roƙonmu ga masu biki, da masu sayar da zoɓo a ƙofar makaranta, da alhazan da ke raba tsaraba, ƙarami ne. A ajiye kwalbar da aka zuba daga cikinta, ko ledar da abin ya zo a ciki, har taro ya watse. Idan baƙo ya nemi gani, a miƙa masa, daƙiƙa goma ta ishe shi ya duba lambar. Idan kuma kwalin ya riga ya tafi bola, a faɗa mana gaskiya cewa ba a sani ba. Ruwan randa da fura sun ishe mu, kuma za mu zauna tare da ku har a shafa fatiha.