Bara Da Ƙaramar Bindiga: Ƙarfe Ba Ya Haɗiye Harsashi

Mu malaman lakwal muna jin hirar yara fiye da yadda iyaye suke zato. Daga bakinsu muka ji cewa wasu samarinmu masu zuwa farautar rani, a Faraku da Jugu, suna kai guntayen ƙarfe wurin masu walda a yanka musu abin bara, kamar yadda suke gani a bidiyon waya. Koyon bara ba laifi ba ne. Maharbin da bai iya saiti ba shi ne ke raunata dabba ta tafi ta mutu a banza, ko kuwa ya sami abokin tafiyarsa. Amma akwai abubuwan da ya kamata mu faɗa wa juna tun ba a yi kuka ba.

Bindigar da ake gani a irin waɗannan hotuna ita ce mai ƙaramin harsashi da ake kira 22, wanda aka fara ƙerawa a Amurka a 1887. Kunamar bindigar tana dukan gefen gindin kwanson, daga nan wuta ke kamawa. Dalmar da ke fita ba ta kai giram 3 ba, kuma ƙararta kaɗan ce, shi ya sa ake raina ta. To, tana gudun fiye da mita 300 a daƙiƙa guda, kuma idan ta wuce ba abin da ya tare ta, tana iya yin tafiyar da ta haura kilomita ɗaya da rabi. Mu auna wannan nisa da gonakin da ke bayan gari, inda mata ke itace, yara ke kiwo.

Harbin ƙarfe wasa ne mai ƙa'ida. A ƙasar Meziko aka fara gasarsa, ana yanka ƙarfe da siffar kaza, alade, talotalo da rago. A gasar ƙaramar bindiga ana ajiye su a nisan mita 40, 60, 77 da 100. Mu lura, mafi kusa ma mita 40 ne. Ƙarfen da suke amfani da shi mai tauri ne ƙwarai, kuma fuskarsa sumul. Dalili kuwa, dalma tana da taushi. Idan ta daki shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai tauri sai ta tarwatse, ɓarɓashin ya watsu gefe da gefe. Idan kuwa ƙarfen ya lotsa ko ya yi ramuka, ramin nan kamar ludayi yake, yana iya juyo da guntun dalma inda ya fito.

Ke nan ba kowane ƙarfe da ke zube a gareji ne zai yi ba. Sifirin na babbar mota a lanƙwashe yake. Tukunyar gas ba abin harbi ba ce ko da babu kome a cikinta. Ƙarfen zubi kuma fashewa yake yi. Masu sana'ar sukan huda farantin su rataye shi da sarƙa ko tsohon bel, su karkatar da fuskarsa ta dubi ƙasa kaɗan, don ɓarɓashi ya faɗi a gindinsa. Ba su cika walda a kansa ba, saboda zafi yana kashe taurin ƙarfe. A bayansa dole a sami tudun ƙasa mai tsayi wanda babu duwatsu a ciki, kuma mai harbi da mai kallo duk su sa gilashin kare ido. Bindigar toka kuwa, wadda wasu ke ɗura wa boris da guntayen ƙusa, kada a kuskura a auna ƙarfe da ita. Ƙarfe a kan ƙarfe dawowa yake yi.

Sai batun dalmar da ke zuba a ƙasa. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400. Wurin bara bai kai wannan ba, amma dalma dalma ce. Kada a yi shi kusa da rijiya ko inda yara ke wasa, kuma a wanke hannu kafin a ci abinci.

Abu mafi nauyi shi ne doka. A Binin ba a riƙe bindiga sai da takardar izinin hukuma, kuma ƙasarmu tana cikin yarjejeniyar ƙananan makamai ta ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006. Tun da aka sace 'yan yawon buɗe ido biyu a gandun dajin Panjari a 2019, aka kuma soma kai wa sojoji hari a Arewa a ƙarshen 2021, ƙarar bindiga a daji ta daina zama ƙaramin abu. Mu da muke 'yan tsiraru, kakanninmu sun zauna garuruwan nan ne da amana, tun zamanin fatauci zuwa Gwanja neman goro. Wake ɗaya ke ɓata gari. Idan aka kama yaro ɗaya da bindiga ba takarda, ba sunansa za a faɗa a kasuwa ba, cewa za a yi ɗan Zango ne.

Saboda haka muna roƙon masu walda da maƙera su tambayi takarda kafin su ɗora wuta a kan ƙarfe. Muna roƙon shugabannin mafarauta da Sarkin Zango su zauna da hukuma, idan za a ba da izini a keɓe fili guda wanda kowa ya sani, da babba mai lura. Wanda ba shi da izini ya haƙura, haƙuri bai taɓa kai mutum kurkuku ba. Mu kuma malamai za mu ci gaba da nuna wa yara a aji yadda ƙwallo ke dawowa idan ta daki bango, don su gane harsashi ma yakan yi haka, amma shi ba a cafe shi.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.