Yadda Aka Kwashe Mini Mutane

Duk wanda yake zaune a zangon Kumasi ya san albashin ticha ba ya kai shi ƙarshen wata. Shi ya sa ni ma na shiga kasuwancin nan na sarƙa, wanda za ka sayi kayan kamfani ka sayar, ka kuma kawo waɗansu su yi rajista a ƙarƙashinka, kana cin kamasho a kan abin da suka saya. Kayanmu sabulu ne da man goge baki da shayin ganye. Cikin shekara 2 na tara mutum 14, galibinsu matan Aboabo da Asawase, waɗansu ma iyayen yaran da nake koyarwa ne.

Ana nan sai ga wani saurayi daga Ankara, wakilin wani kamfani dabam. Ya kama zaure a otal, ya raba lemo, ya nuna hotunan motoci, ya ce rajista kyauta, kamasho kuwa ninki biyu. Bai wahalar da kansa neman sababbin mutane ba. Waɗanda na riga na koya wa sana'a su ya bi, bayan ya sami lambobinsu daga rukuninmu na WhatsApp.

Da labari ya iske ni, sai na yi abin da na saba yi a aji. Na rufe rukunin, ba mai yin magana sai ni. Na karanta musu dokar kamfani wadda ta hana ɗan ƙungiya jan 'yan'uwansa zuwa wani kamfani. Har alkawari na sa suka ɗauka, abin da yanzu nake jin kunyarsa. Duk da haka, kafin wata ya mutu mutum 6 sun tafi.

Wadda tafiyarta ta fi yi mini ciwo wata dattijuwa ce, sa'ar mahaifiyata. Bayan la'asar na je gidanta, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, laifin me na yi muku?" Ba ta amsa ba, sai ta ɗaga zanen gado. Wallahi katan-katan ne na shayinmu jibge a ƙarƙashi, waɗansu kwanan watansu ya kusa wucewa. Ashe kowane wata da kuɗin adashinta take sayen kaya don makinta ya cika, ni kuma in hau mataki.

Ta ce, "Malam, tun da na shiga, kullum tambayarka nawa na saya. Ka taɓa tambayata nawa na sayar?"

Na rasa ta cewa. Yaron Ankara bai sace ta ba, ya iske ta ne da gajiya, ya yi mata alkawarin sauƙi.

Daga baya na gane wannan ciwo tsoho ne a sana'ar. A Amurka, cikin 1979, abin da ya taimaki kamfanin Amway a gaban hukumar kula da ciniki ta ƙasar shi ne dokokinsa: dillali ya sayar da kashi 70 cikin 100 na kayan da ya ɗauka, ya sayar wa mutum 10 dabam-dabam a wata, kamfani kuma ya karɓi kayan da suka yi kwantai. A 2016 hukumar nan ta sa Herbalife ya biya dala miliyan 200, ta kuma ce lada ya dogara ga ciniki na gaskiya. A tarurrukanmu ban taɓa jin an ambaci ko ɗaya ba, sai tafi da hoton mota.

Mutum 8 da suka rage na tara su a ƙofar gidana. Na buɗe rukunin, na janye alkawarin. Na ce kowa ya riƙe littafi, kamar rajistar aji, ya rubuta abin da ya fita hannunsa da ribarsa, kuma kada wanda ya ƙara oda sai tsohon kaya ya kusa ƙarewa. Wanda kayansa suka tsaya, ranar Asabar mu ɗauka tare mu zaga Kejetia. Kamashona ya faɗi, matakina ya sauka, wanda yake samana ya yi ta waya yana faɗa.

Da saurayin ya sake zagayowa, mutum 1 kaɗai ya bi shi. Wata daga cikin matan ta ce littafinta ta miƙa masa, ta ce ya nuna mata nasa.

Hajiya dai ba ta dawo ba, can ma ta bari, ta koma sayar da koko da ƙosai. Katan ɗinta na kwashe su, ina biyanta kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata. Saura biya 3.