Daga Kano zuwa Ikko da farar shadda a jaka

Ƙaurin fitila ne ya tayar da mu daga Kano. Abokina, wanda ya shekara da shekaru yana ɗaukar hoton biki a wani ɗan situdiyo a cikin birni, yana tsakiyar ɗaukar amarya da ƙawayenta aka ɗauke wuta. Yaronsa ya tayar da janareta, fitilar dama ta yi ƙara sau ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin. Da fitila ɗaya ya ƙarasa aikin, rabin fuskar kowa a inuwa. Washegari ya ce mini zai tafi Ikko ya sayo sababbi, kuma wannan karon ba zai sayi abin da bai gwada da hannunsa ba. Na ce ai da ni za a yi.

Da la'asar muka shiga doguwar bas a Sabon Gari. Zariya, Kaduna, Abuja, sannan cikin tsakar dare muka haye kogin Kwara ta gadar Murtala kafin Lakwaja. A jakarsa akwai kyamara da babbar riga ta farar shadda. Da na tambaye shi ko biki za mu, sai ya yi dariya ya ce rigar ita ce alƙali. Farar shadda mai sheƙi a jikin mutum baƙi, in ji shi, ita ce jarrabawar da ke kayar da fitila: ka ƙara haske don fuska ta fito, aikin wuyan riga ya ɓace cikin fari, ka rage don aikin ya fito, fuska ta nutse. Ni kuma aka naɗa ni mai sanya rigar. Mun wuce Badun gari ya waye, muka sauka Agege wurin wani ɗan'uwansa muka yi wanka.

Zangonmu na farko kasuwar Alaba ce da ke Ojo, a kan hanyar Badagry, bayan gosulon da ya cinye mana rabin safiya. A wani shago da ke bene muka tarar da fitilun da ake jona wa wutar bango. Mai shagon ya fito mana da Godox SK400II, irin wadda ta cika ƙananan situdiyo saboda araha. Lambar 400 ɗin nan, kamar yadda abokina ya fayyace mini, ma'aunin ƙarfin da fitilar ke tarawa ne kafin ta saki walƙiya, masu sana'a suna ce masa wat-sakan. Ya kuma ja kunnena kada lamba ta ruɗe ni. Sai an ninka lambar sau biyu ake samun ƙarin mataki ɗaya na haske a kyamara, don haka tazarar da ke tsakanin mai 400 da mai 600 ba ta kai mataki guda ba, ko da kuɗinsu ya yi nisa da juna.

Na zura riga, aka kunna. Fitilar tana da ƙarfi, tana sake cika cikin kamar sakan ɗaya. Matsalarta ta bayyana ne da aka so rage ta. Ƙarshen saukarta kashi ɗaya cikin 16 ne, kuma a ƙaramin ɗaki irin na abokina wannan ma ya yi yawa idan ana son a buɗe idon kyamara bango ya dushe. Sannan ga igiyar wuta tana jan ƙasa, tana tuna mana abin da ya kawo mu.

A kusurwar shagon na hango wata tsohuwar fitila baƙa, tokumbo, an rubuta Bowens. Mai shagon ya shafa ta kamar mai shafa doki. Kamfanin Ingila ne da ya faro tun 1923, ya rufe a 2017, a daidai lokacin da kayan Sin masu araha suka mamaye kasuwa. Abin mamaki, bakin fitilar da kamfanin ya ƙera, inda ake maƙala kayan tausasa haske, shi ne yawancin masu ƙera fitila ke bi har yau, har da waɗanda suka gaje kasuwarsa. Abokina ya juya ta ya duba bayanta kafin komai. Ya ce duk fitilar tokumbo sai an karanta ƙarfin wutar da take ci, domin wadda aka yi wa kasuwar Amurka mai 120 ce, tamu kuwa 230, jona ta kai tsaye kashe ta ne. Wannan tamu ce, amma da ya tambayi inda za a samu kwan fitilar idan ya mutu, mai shagon ya ɗaga kafaɗa. Muka yi sallama.

Kwana na biyu muka nufi Ikeja, kasuwar kwamfuta, inda shagunan kyamara ke maƙale tsakanin masu sayar da waya. Nan muka ga masu batir. Godox kamfanin Shenzhen ne da aka kafa a 1993, kuma abin da ya ɗaga sunansa shi ne jerin fitilun AD. Ƙaramar, AD200Pro, tana shiga aljihun babbar riga, kuma cajinta ɗaya yana ba da walƙiya kusan 500 da cikakken ƙarfi. Babbar, AD600Pro, ta kai kilo 3, tana ba da kamar 360, tana kuma sauka har kashi ɗaya cikin 256. Da rimot ɗaya a kan kyamara ake juya su duka.

Abokina ya roƙi yaron shagon mu fita waje. Tsakar rana, ni da babbar riga a bakin titi, masu wucewa suna ce mini Alhaji. Galibin kyamarori ba sa daidaita da walƙiya idan saurinsu ya wuce ɗaya cikin 200 ko 250 na sakan, amma waɗannan fitilun suna iya ɓarje hasken zuwa ƙananan walƙiyoyi a jere har kyamara ta kai ɗaya cikin 8000. Farashin wannan dabara shi ne ƙarfi yana zubewa sosai. Ƙaramar ta gaza gaban rana sai da aka kawo ta dab da hancina. Babbar ta tsaya daga nesa ta cike inuwar da hula ta jefa mini a ido. Abokina ya yi shiru yana kallon bayan kyamara, na san yana tuna ranar hawan Sallah ne, da angwayen da ke son hoto a ƙofar gida bayan ɗaurin aure.

Da yamma wani tsohon abokin sana'arsa ya kai mu wani situdiyon haya a Lekki, inda ake ɗaukar hoton tallace-tallace. Can na fara ganin Profoto, na Suwidin, wanda aka kafa a Stockholm a 1968. Su ne suka fito da B1 a 2013, fitilar situdiyo mai batir da ke auna haske tare da kyamara, sauran suka bi sawu. Aka ɗauke ni sau ashirin a jere, aka jera hotunan a kwamfuta. Farin rigar bai motsa ba, na farko da na ƙarshe kamar tagwaye. A hotunan Alaba kuwa wani ya ɗan karkata ja, wani shuɗi. Ga mai tallan atamfa ko man shafawa, wanda launi ne hajarsa, wannan shi ne abin da yake biya. Sai dai kuɗin Profoto guda ɗaya zai sayi Godox fiye da ɗaya masu ƙarfi irin nata, kuma bakinta daban ne, kayan tausasa haskenta ma nasu ne.

Mai kula da wurin ne ya yi mana abin da ya fi komai amfani a tafiyar. Ya cire ƙaramar lemar da ke kan fitila, ya maƙala wani ƙaton akwatin yadi mai kusurwa takwas, ya matso da shi kusa da ni, ya ɗan kautar da shi daga ƙirjina zuwa fuska. Nan take ƙyallin goshina ya kwanta, zaren aikin wuya ya fito ɗaya bayan ɗaya. "Oga," ya ce da abokina, "faɗin haske kake nema, ƙarfin kana da shi." Ya ƙara da cewa duk lokacin da aka ninka nisan fitila, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne ke isowa, shi ya sa mai matso da fitila ba ya buƙatar babbar lamba.

Muka koma Ikeja da safe. Abokina ya sayi babbar Godox ɗin guda ɗaya, ƙaramar guda ɗaya, batirin ajiya, da akwatin yadi mafi faɗi da ɗakinsa zai iya ɗauka. Kafin ya biya sai da ya sa aka nuna masa kwan canji ya saya biyu. A bas ya ƙi yarda a sa kayan a but, ya rungume su har Kano.

Bayan mako biyu na leƙa situdiyon, na tarar da wata amarya da danginta. Ana cikin ɗauka wuta ta tafi. Fitilun ko gezau, abokina ya ci gaba da aiki yana murmushi. Bai yi minti biyar ba mai kwalliya ta ɗaga murya: fanka ta tsaya, hodar amarya ta fara narkewa. Ya sauke kyamara, ya leƙa ƙofa ya kira yaronsa ya tayar da janareta.