Ko Ƙasa Tana Gargaɗi?

A Illela, dab da Birnin Konni, rediyon gajeren zango kan fara ƙarar tartsatsi tun hadari bai iso ba. Walƙiyar nesa ce ke kutsowa. Nakan yi tunani: ko duwatsun ƙarƙashin ƙasa, in matsi ya yi musu yawa, suna aiko da irin wannan saƙo kafin girgizar ƙasa?

A 1989 na'urar jami'ar Stanford ta naɗi sauyin maganaɗisu kafin girgizar Loma Prieta a Amurka, amma wasu masana suka ce tangarɗar na'ura ce. Faransa ta harba tauraron ɗan'adam DEMETER a 2004 don bin diddigin irin waɗannan alamu. Har yau babu alamar dogaro.

Mutanen Mpape a Abuja sun ji motsin ƙasa a 2018, babu sallama. Kafin ilimi ya nuna, gini mai ƙwari shi ne rigakafi.